Gubar dalma a ƙasar Zamfara: yadda ƙurar dutsen gwal ke isa jinin yaro

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka ga agwaginsu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya kawo komai a ransa, tunda mutuwar kaji da agwagi ba baƙon abu ba ne a karkara. Ita kuwa agwagwa da baki take cakuɗa laka tana neman abinci, duk abin da ya zuba a ƙasa ita ce kan gaba wajen haɗiye shi. Ba a daɗe ba abin ya dawo kan yara. Yaro ya fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi nono ya ƙi kunu, jiki ya saki, sai jijjiga, sai suma. A ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. A yi masa allurar da ake yi wa mai sanƙarau, shiru. Jijjigar yaro kuwa a ƙasar Hausa sau da yawa iska ake fara zargi, shi ya sa ba kowane yaro ake garzayawa da shi asibiti ba.

Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda aikin bin sawun sanƙarau ya kai yankin a watan Maris, su ne suka ɗebi jinin wasu yara suka aika ɗakin gwaji a Turai. Sakamakon ya dawo da abin da ba wanda ya zata: dalma, wadda daga baya aka gano daga ƙurar dutsen gwal da ake niƙawa a ƙauyukan take fitowa. Da masu bincike daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, sun tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, 118 sun rasu a cikin wata 12, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da sai an ba su magani. An ƙiyasta yaran da suka rasu a wannan annoba sun haura 400, a ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega ta ɓangaren Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru ta ɓangaren Bukkuyum. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: a 2015 irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024. Gwal ya fi wancan lokacin tsada nesa ba kusa ba, dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Don haka duk wanda ke da ɗan'uwa a rami ko a daba, wato wurin da ake niƙa dutsen gwal a wanke shi, yana bukatar ya san hanyar da guba ke bi tun daga bakin rami har cikin yaro.

Dutsen da abin da ke cikinsa

Tun zamanin Turawa ake wankin gwal a rafukan Maru da Anka da Bin Yauri ta Kebbi, ba a taɓa jin irin wannan mace-mace ba. Mai wankin yashi a rafi aikinsa cikin ruwa yake, ba ya tada ƙura. Abin da ya sauya shi ne farashi da kayan aiki. Kuɗin gwal ya tashi daga kimanin dala 800 kowane oza (wajen giram 31) a 2008 ya haura dala 1,200 a 2010, sai mutane suka bar yashin rafi suka bi jijiyar farin dutse cikin rami. Gwal ɗin da ke cikin irin wannan dutse ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin yawancinsu, ba ya fita sai an mai da dutsen gari.

A wasu ramukan, jijiyar gwal tare take da wani ma'adini mai nauyi, mai launin toka da walƙiya. Turawa na ce masa galina, mu kuwa mun san shi tun kaka da kakanni, domin shi ne dutsen kwalli. Dalma ce haɗe da farar wuta. A kusa da saman ƙasa, ruwan sama da iska sun daɗe suna cin wannan dutse har suka mai da wani ɓangarensa wani abu fari-fari mai saurin marmashewa, kuma wannan nau'in ne ruwan cikin ɗan Adam ke narkarwa cikin sauƙi. A wasu duwatsun da aka auna a Zamfara, dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsu. Ma'ana, buhu mai kilo 50 zai iya ƙunsar fiye da kilo 5 na dalma, alhali gwal ɗin da ake nema a cikinsa da giram ake lissafinsa. Kuma ba yadda za a yi mai haƙa ya tabbatar da ido cewa dutsensa ba shi da dalma, domin wadda ta riga ta marmashe ba ta walƙiya.

Aikin kansa mataki-mataki ne. Ana fito da dutse daga rami a buhu, a fasa shi da guduma ya koma kamar tsakuwa, a shanya ya bushe, a zuba a injin niƙa irin na hatsi har ya yi laushi kamar garin tuwo. Sai a kwarara garin da ruwa a kan katako mai gangare da aka shimfiɗa wa kafet, abu mai nauyi ya maƙale a kafet ɗin, saura ya wuce. A wanke kafet a kwano, a zuba zaiba a murza da hannu ta kama gwal, a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen zaiba ta tashi gwal ya rage. Lakar da ta wuce ba zubarwa ake yi ba, ana tara ta a shanya a sake niƙawa, tunda akwai sauran gwal a ciki. A duk matakan nan babu inda aka raba dalma aka ajiye gefe. Duk wadda ta fito daga rami tana nan, sai dai an mai da ita daga dutse zuwa ƙura.

Niƙa busasshen dutse shi ne mataki mafi muni. Dunƙulen dutse ba ya cutar da kowa, ko yaro ya lasa abin da zai samu kaɗan ne. Da an niƙa shi sai ya zama abin da iska ke ɗauka, ya manne a hannu, ya shiga saƙar tufafi, ya narke a ciki da wuri saboda ƙanƙantarsa.

A shekarun 2009 da 2010 an shigo da wannan aiki cikin gari, har cikin gidaje. Akwai dalili: dutse dukiya ne, ba a barinsa a daji ɓarawo ya kwashe, kuma matan da ke kulle sun samu sana'ar da za su yi ba tare da sun fita ba. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen da aka bincika a ƙauyukan nan biyu ana wani ɓangare na aikin a cikinsu. Ka hango tsakar gidan: uwa na zaune tana fasa dutse, ko tana daka shi a turmin da za ta surfa gero da yamma. Goyonta na bayanta. Garin dutse na shanye a tabarma kusa da inda aka baza kuɓewa da barkono. Mai rarrafe ya dafa ƙasa da tafin hannu mai yawu, ya ɗago ya kai baki, ya tsinci guntun ƙosai da ya faɗi ya cinye. Buhun da aka kawo dutse a ciki an kakkaɓe an zuba masa dawa. Ba wanda ya yi sakaci a fahimtarsa, domin dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ƙurarta kuma ba ta da bambanci da ƙurar hunturu.

Ɗan lissafi

Dalmar da ke cikin ƙasa ana faɗinta da miligiram nawa ne a kowane kilo na ƙasa. A lokacin, ma'aunin da Amurka ta sa wa wurin wasan yara 400 ne. A wasu gidajen Zamfara na'ura ta nuna sama da 100,000. Ta jini kuwa ana faɗinta da maikirogiram nawa ne a kowace desilita. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da awon yaro ya kai 5 a tashi a nemo inda gubar ke fitowa, ta kuma ce babu wani mataki da aka san ba ya cutarwa. A 45 ake fara magani. Daga 70 zuwa sama ana fargabar kumburin ƙwaƙwalwa.

Mu ɗauki tsakar gida mai awon 10,000, wanda ko kusa bai kai mafi muni ba. Kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar nan dalma ce. Masana kan ɗauka ƙaramin yaro na haɗiye kimanin miligiram 100 na ƙasa da ƙura a rana, ɗan abin da za ka tsunkula da yatsu biyu, wannan ma a gidajen da ke da daɓe da ruwan famfo. A cikin wannan tsunkulin akwai maikirogiram 1,000 na dalma. Hanjin yaro na iya tsotse rabinsa, wato 500. Yaro mai kilo 10 jininsa duka bai wuce desilita 8 ba, saboda haka maikirogiram 360 sun isa su kai jinin nan 45. Gaskiya ne ba duka ke tsayawa a jini ba, kaso mai yawa na wucewa ƙashi da hanta da ƙoda. To amma gobe ma zai sake haɗiya, jibi ma haka.

Wannan lissafin shi ke amsa tambayar da mahaƙa ke yawan yi: mu da muke wuni cikin ƙurar ba mu mutu ba, yaya za a ce ita ta kashe yaran da ko ramin ba su taɓa gani ba? Babba ba ya tsotsar yatsa, ba ya rarrafe, kuma hanjinsa kimanin kashi 10 cikin 100 yake tsotsa na abin da ya haɗiya. Yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na haka, jikinsa ƙarami ne, ƙwaƙwalwarsa kuma ana cikin gininta. Ba wai babban ya tsira ba ne, nasa a hankali yake zuwa: hawan jini, ciwon ƙoda, murɗar ciki da taurin bayan gida, raunin wuyan hannu, raguwar ƙarfin haihuwa, ga mata kuma ɓari.

Abin da take yi a jiki

Jiki ba shi da wani amfani da dalma ko ƙanƙani. Tana samun shiga ne saboda ta yi kama da sinadarai biyu da jiki ke nema ruwa a jallo, kalsiyam mai gina ƙashi da ayon mai gina jini. Ƙofofin da hanji ya tanada domin su, ta nan take bi. Shi ya sa yaron da ke da ƙarancin jini, ko wanda ba ya samun nono da wake da ganye, ya fi saurin kamuwa: jikinsa ya buɗe ƙofa yana jiran ayon, sai dalma ta shige. Haka ma cikin da ba komai a cikinsa ya fi tsotse ta. Yaro biyu a gida ɗaya, wanda ya karya da safe da wanda ya fita wasa da yunwa, ba daidai za su ɗauka ba.

In ta shiga jini sai ta maƙale a jajayen ƙwayoyinsa, ta toshe aikin haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska, jini ya ƙara raguwa. A ƙwaƙwalwa tana shiga wurin kalsiyam a inda jijiyoyi ke miƙa wa juna saƙo, ta dagula haɗuwarsu a daidai shekarun da yaro ke koyon magana da riƙe abu a ka. In ta yi yawa sosai ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa su fara yoyo, ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin ƙoƙon kan da ba ya buɗewa. Jijjigar da aka gani a 2010 ke nan. Wasu da suka rayu sun tashi da makanta, ko shanyewar jiki, ko farfaɗiya.

A jini, rabinta na raguwa cikin kusan wata guda in an daina ƙarawa. Ba fita duka take yi ba, ƙashi take komawa, a can kuma shekaru gommai take yi. A jikin babba sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar a ƙashi take kwance.

Mafi yawan yaran da ta taɓa ba sa jijjiga, ba sa ma kwanciya ciwo. A makaranta ake ganin alamar, bayan shekaru. Yaron da aka biya wa aya sau goma ya kasa riƙewa, wanda allonsa ya daɗe ba a wanke ba, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, mai saurin fushi da faɗa. Malamin allo ko na boko da ke koyarwa a yankin haƙar gwal ya kamata ya sa wannan a ransa kafin ya ce yaro daƙiƙi ne ko ya ɗauki bulala. Irin wannan yaro na koyo, amma sai an gutsura masa karatu kaɗan-kaɗan, an zaunar da shi gaba, an maimaita ba gajiya.

Awo da magani

Ba a gane gubar dalma da duban ido, sai gwajin jini. Akwai ƙaramar na'ura da ake ɗauka a kai ƙauye, ɗigon jini daga yatsa ya ishe ta, amma tana da tarko biyu. In ba a wanke yatsan da sabulu sosai ba, ƙurar da ke fata za ta shiga jinin ta ba da lamba ta ƙarya, don haka duk awon da ya yi sama ana tabbatar da shi da jinin jijiya. Na biyu, iyakarta 65, abin da ya wuce haka sai dai ta nuna ya yi yawa kawai. A 2010 yara da dama haka ta nuna musu, sai an sirka jinin ko an kai babban ɗakin gwaji kafin a san ainihin lambar.

Maganin da aka fi amfani da shi a Zamfara sunansa DMSA. Aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke jini kamar awartaki, ƙoda ta fitar da su tare a fitsari. Zagaye ɗaya da aka saba kwana 19 ne, kwana 5 na farko sau uku a rana, sauran 14 sau biyu, gwargwadon nauyin yaro. Yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, yara na ƙinsa, kuma likita na bin lafiyar hanta da ƙwayoyin jini lokacin shansa. Yaron da ya riga ya fara jijjiga kwantar da shi ake yi a ba shi wani maganin ta jijiya. Wannan ba abin saye a kemis ba ne.

Akwai abubuwa uku da iyaye ke yawan rashin fahimta a nan. Bayan an gama zagaye awon jini na sauka, amma cikin 'yan makonni ya sake hawa, domin ƙashi na sako wadda ya ɓoye. Ba maganin ne ya ƙi ba, shi ya sa yara da yawa sai da suka sha zagaye da dama, kuma duk wanda ya daina kai yaro awo don ya ga ya warware ya bar aiki a tsakiya. Sannan magani na ceton rai amma ba ya mai da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. An gwada shi a Amurka kan yaran da awonsu ke tsakanin 20 da 44, jininsu ya sauka amma fahimtarsu ba ta fi ta waɗanda ba su sha ba, dalilin ke nan da ba a ba da shi ƙasa da 45. Na ukun shi ne mafi nauyi: yaron da aka ba magani aka mai da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin baban giwa. A kan haka ne likitoci suka tsaya cewa sai an tsabtace gari sannan a ci gaba da ba yaransa magani a gida.

Nono da madara abinci ne masu kyau, amma ba sa wanke dalma daga jiki kamar yadda wasu ma'aikata ke ɗauka. Tafasa ruwa ma ba ya kashe ta, tunda ba ƙwayar cuta ba ce. Abin da abinci ke yi shi ne rage yawan wadda hanji zai tsotsa: wake, zogale, miyar kuka, alayyaho, hanta, ƙwai, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, nono, tare da lemo ko gwaiba masu taimaka wa jiki ya ɗauki ayon.

Kwashe ƙasa

Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙona ta, ruwan sama sai dai ya ɗauke ta daga nan ya kai can. Hanya ɗaya ce, a kwashe. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith ne suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan muhalli na jiha, masarautu suka ba da umarnin a fitar da niƙa daga cikin gari, mutanen ƙauyukan da kansu suka yi aikin ƙarfin. Ana zana taswirar gida, a bi ɗaki-ɗaki da lungu-lungu da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, a danna bakinta a ƙasa ta faɗi awo cikin ƙasa da minti guda. Inda ya yi yawa a kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, yawanci kimanin santimita 5, a ɗura a buhu, a kai ramin da aka tanada nesa da rijiya a binne. A sake aunawa, in da saura a ƙara kankarewa. Sannan a kawo ƙasa mai tsabta da aka riga aka gwada a shimfiɗa a daddaɓe. Sai da aka sa mata cikin ma'aikatan wayar da kai, domin su ne za su iya shiga su zauna da matan gida.

An kwashe sama da kubik mita 27,000 na ƙasa da ragowar dutse daga gidaje 820 da wuraren niƙa a ƙauyuka 8. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata saboda jinkirin sakin kuɗi, yaranta na zaune cikin guba duk tsawon jiran. A cikin shekara 4 matsakaicin awon jinin yaran da ake gwadawa kafin magani ya sauko daga 149 zuwa 15. Saukar nan kafin a sha magani aka auna ta, wato shebur ne ya kawo ta. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha bayan ta gwada yara sama da 8,000.

Gidan da aka tsabtace na iya komawa gidan jiya da buhu ɗaya. Haka ma in aka ɗebo laka daga kududdufin da aka taɓa wankin dutse aka buga tubali ko aka yi yaɓe, an gina gubar a bango ke nan, duk damina tana zubowa.

Yadda za a yi aikin ba a kai shi gida ba

Cewa mutane su bar gwal ba ta taɓa aiki ba, domin abin da noman damina ke bayarwa bai kama ƙafarsa ba, kuma hani na sa a ɓoye aikin ne, maɓoya mafi kusa kuwa ita ce cikin gida. Abin da ya yi aiki shi ne raba dutse da gida, da raba niƙa da ƙura.

Daba ta kasance nesa da gari da rijiya da masussuka. A kula da iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, dabar da aka kafa ta wannan gefen duk rani ƙurarta cikin gari za ta sauka. A jiƙa dutse kafin a fasa, a kuma sa feshin ruwa mai laushi a bakin injin da mafitarsa. Da aka gwada wannan feshi a wuraren niƙa a arewacin Najeriya, dalmar da ke cikin iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100, ƙurar farin dutse mai cin huhu da buɗe ƙofa ga tarin fuka ita ma ta ragu da kusan kashi 80. Sai dai ruwa ɗaure ƙura yake yi, ba ya kashe ta. Lakar da aka bari ta bushe a fili ta koma gidan jiya, don haka a tara ta a rami guda, a kewaye shi kada yara su yi wanka ko dabbobi su sha, in ya cika a rufe da ƙasa mai kyau. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci yana tare tsakuwa ne kawai, ƙurar da ke cutarwa ta fi ramukan saƙarsa ƙanƙanta.

Mai aiki ya ware kayan aiki da takalmansu su kwana a daba, a can za a wanke su, kada a kawo wa matar gida wanki. Ya yi wanka da sabulu har gashin kai da gemu kafin ya sa kayan gida, domin da ya shigo yara ne za su fara rugowa su rungume ƙafarsa. Ya goge kujerar babur da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ya ci abinci ko goro da hannun da bai wanke ba. Injin da ya taɓa niƙa dutse ya gama da hatsi har abada, haka turmi, haka buhu, haka kwano. Wurin da aka fi mantawa shi ne talla. Yarinya ta ɗauko fura ko shinkafa da wake ta kai daba, ƙanenta na goye a bayanta, ta wuni a gindin injin tana jiran ciniki, da yamma ta koma gida da ragowar abincin da ya sha ƙura a ba yara. A ware wa masu abinci rumfa can gefe inda ƙura ba ta kaiwa, abinci a rufe, goyo da mai ciki kuwa ba su da abin yi a daba.

A cikin gida, a yayyafa ruwa kafin shara, kuma a fitar da yara sai ƙura ta kwanta. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci komai, a yanke masa farce. Shanyar hatsi da kayan miya a ɗaga ta daga ƙasa.

Zaiba guba ce ta daban. In an ƙona dunƙule, tururinta ba shi da launi ba shi da wari, huhu na ɗauke mafi yawansa, saura ya lafe a bango da rufi ya riƙa tashi a hankali. Tana kawo karkarwar hannu, ciwon dasashi, mantuwa da lalacewar ƙoda. Kada a ƙona a ɗaki ko a murhun girki. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai bututu da ake ƙonawa a ciki, tururin ya huce ya koma zaiba a sake aiki da ita, maƙeri na iya haɗa ta da guntayen bututun ruwa.

Ko gidan da ba ruwansa da gwal yana da nasa abin dubawa, wato kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai. A 2012 cibiyar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa kashi 82.6 cikin 100 dalma ne. Yaro na murza ido ya tsotsi yatsa, hawaye kuma na gangarawa ta cikin hanci zuwa maƙogwaro. A bar sa wa jarirai da ƙananan yara shi.

'Yan matan da suke da shekara uku ko huɗu a Dareta da Abare da Bagega a 2010 sun kai aure yanzu, wasu sun fara haihuwa. Mai ciki na bukatar kalsiyam mai yawa domin gina ƙashin ɗan tayi, in abinci bai wadatar ba jiki sai ya ɗebo daga ƙashinta, dalmar da ta kwanta a can tun tana rarrafe ta fito tare da shi, ta ratsa mabiyiya ta isa jinin abin da ke ciki. Duk matar da ta tashi a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, ko aka taɓa ba ta maganin dalma tana ƙarama, ta faɗa wa ma'aikatan awon ciki tun zuwan farko, ko da aure ya kai ta Gusau ko Birnin Kebbi, ta kuma nemi a gwada jininta. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a ba mai ciki ƙarin kalsiyam in awonta ya kai 5 kuma abincinta bai wadatar da shi ba. Bayan haihuwa a gwada jaririn shi ma, kuma kada ta yanke masa nono sai in likita ne ya duba awonta ya ce a yi hakan.